Sanarwa: Gasar Kacici-kacici kan Labaran Duniya

Assalamu alaikum ƴan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 8:30 na dare, in Allah Ya yarda, za mu fara gasar kacici-kacici kan labaran duniya a nan cikin rukuni. Kullum muna turo wa juna labarai, amma in aka tambayi tushen maganar sai a yi shiru, kuma abin yana damuna. Ana ta ambaton mashigar ruwa ta Hormuz. Mu nawa ne suka san tsakanin Iran da Oman take, ko dalilin da farashin man fetur ke tashi da zarar an samu hatsaniya a wurin? Haka batun BRICS, ƙungiyar ƙasashen da ta haɗa da Brazil, Rasha, Indiya, China da Afirka ta Kudu, da yawa ba su ji cewa Masar da Habasha sun shiga a 2024 ba.

Kowa ya turo min tambayoyi biyu a keɓe kafin daren Alhamis, tare da amsa da kafar da ya samo ta. Labarin da ba a san mai shi ba, irin na "tura wa mutum goma", ba za mu karɓa ba.

Ranar gasa, minti ɗaya ne ga kowace tambaya. Ban da leƙa Google, don Allah, amana ce tsakaninmu. Wanda bai canka ba kada ya ji kunya, za a yi bayanin kowace amsa bayan an rufe ta.

Mai halarta ya rubuta "ina ciki" a ƙasan wannan saƙo.

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci.