Ɗaukar hoto a Abuja: a kafa allo mu san inda iyaka take

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana Kanawa masu zuwa Abuja, musamman matasa masu ɗaukar bidiyo don TikTok da Facebook, da abokan sana'armu ta ɗaukar hoto da ake ɗauka aikin biki ko taro a can. Kukan da ke dawowa daga wannan tafiya iri ɗaya ne: mutum ya ɗaga waya a gaban wani gini, kafin ya sauke jami'in tsaro ya riƙe masa hannu, sai a wuni ana yi masa tambayoyi. Akasarinsu ba su san sun taka wata iyaka ba, domin ba a rubuta ta a jikin bango ba.

Tsananin tsaron yana da dalili. Ranar 1 ga Oktoba 2010 bama-bamai sun tashi kusa da Dandalin Eagle ana tsaka da bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai. Ranar 16 ga Yuni 2011 aka kai wa hedikwatar 'yan sanda hari, ranar 26 ga Agusta na shekarar aka kai wa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu a Kano ba sai an tuna mana hare-haren 20 ga Janairu 2012 ba. Tun daga nan sojan da ke bayan buhunan yashi yake kallon kyamara a matsayin kayan leƙen asiri, har sai ka gamsar da shi.

A wajen doka, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoto ko zanen wurin da aka keɓe, kamar barikin soja da ma'ajiyar makamai, idan an yi da nufin cutar da tsaron ƙasa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Wato niyya ce ginshiƙin laifin. Sai dai niyya a kotu ake tantance ta, wanda ke gadin ƙofa kuwa abin da idonsa ya gani yake aiki da shi.

To wane wuri ne ake ɗauka, wanne ne ba a ɗauka? Fadar shugaban ƙasa da duk hanyoyin da suka nufe ta, a cire su daga lissafi gaba ɗaya; sojojin fadar da jami'an DSS, wato hukumar tsaro ta farin kaya, ba sa ciniki a kan wannan. Haka hedikwatar DSS ɗin kanta, da ta 'yan sanda, da barikin Mogadishu da ke hanyar Keffi, da ofisoshin jakadanci, musamman na Amurka. Wanda ya fi jan baƙi cikin matsala shi ne ginin Ma'aikatar Tsaro da ke Area 10, domin an gina shi da siffar jirgin ruwa, duk wanda ya gan shi sai hannunsa ya kai aljihu. A bar shi a ido. Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Kotun Ƙoli da Babban Bankin Najeriya suna tsaka-tsaki: daga nesa akan ƙyale, a bakin ƙofa sai da izini. Masallacin Ƙasa, da Ƙofar Birni da ke hanyar filin jirgi, da Millennium Park a Maitama, nan ake samun sarari. Dutsen Zuma kuwa, wanda ke jikin naira 100, a Jihar Neja yake, kuma mai tahowa daga Kano ta Kaduna zai gan shi kafin ya shiga Abuja; a dai duba ko akwai shingen bincike a kusa kafin a fito da waya.

Kayan aikin da ka riƙe shi ke fara yi maka shaida. Doguwar lens, wato gilashin gaban kyamara, irin 70-200mm ko wadda ta fi ta, ita ce ta fi tayar da hankalin mai gadi, domin ya san tana jawo ƙofa da fuskar mutum daga nesa. Sandar kyamara mai ƙafa uku kuma tana nuna za ka daɗe a wurin. Lens 35mm ko 50mm ta wadatar wa gini, a riƙe a hannu, a gama cikin minti biyu ko uku. Abin da bai kamata ya shiga hoton ba ko da kuskure: ƙofar shiga, shingen ƙarfe, kyamarorin tsaro na jikin katanga, fuskar jami'i, lambar motar gwamnati. Sau da yawa ba ginin ne damuwarsu ba, waɗannan ne.

Ɗauka a ɓoye ta fi komai muni. Wasu suna ganin wayo ne su sauke gilashin mota kaɗan su ɗauka ana tafiya, ko su yi kamar suna amsa kira alhali bidiyo suke yi. Wanda aka horar don lura da irin wannan motsi zai gane, kuma daga nan bayanin "yawon buɗe ido na zo" ba zai shiga ba. Ka tsaya a fili, ka je ka gaishe da jami'in da ya fi kusa, ka ce, "Yallaɓai, baƙo ne ni daga Kano, ko zan iya ɗaukar wancan ginin daga nan?" In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya ce e, ka ɗauka a gabansa nan take, domin izinin baki yana tafiya da mai shi idan aka canza masu gadi. Kada a ajiye mota a kan gada ko gefen babban titi don hoto, wannan laifin hanya ne daban. In ka ji jiniyar ayarin manya, sauke kyamara har su wuce.

Wanda aikinsa na kuɗi ne, ko na jarida ko fim, takarda zai rubuta zuwa sashen yaɗa labarai na hukumar da ke da ginin. A sa rana da lokaci, yawan mutane da sunayensu, jerin kayan aiki da lambar jikin kowanne, da abin da za a yi da hoton. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi, a kuma ba su aƙalla mako biyu. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne zaton takarda ɗaya ta isa ko'ina. Izinin Majalisa bai shafi Kotun Ƙoli ba duk da suna maƙwabtaka, kuma in ka juya kyamara ɓangaren fada ka fita daga abin da aka ba ka. Jirgi marar matuƙi kuwa babinsa daban: sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma tayar da shi a tsakiyar Abuja ba tare da su ba hanya ce ta rasa jirgin da kwana a hannu.

Akwai ranakun da ko mai takarda gara ya haƙura: 1 ga Oktoba, 12 ga Yuni, 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, ranar gabatar da kasafin kuɗi, da duk ranar da aka sa zanga-zanga. Ga mai son hoto mai kyau, dutsen Aso yana gabashin gari, bayan Majalisa, don haka da safe rana tana cikin idon kyamara, ginin ya fito baƙi. Bayan la'asar haske ke sauka a fuskarsa. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana shafe dutsen. Washegarin ruwan sama a damina ya fi.

In an tare ka, hannuwanka su kasance a fili, kada ka zura hannu cikin jaka sai an ce ka zura. Kada ka yi gaggawar goge hoto kafin a tambaye ka, za a ɗauka shaida kake ɓatarwa, kuma kada ka fara ɗaukar jami'in bidiyo. Nuna katin NIN ko na wurin aiki, nuna hotunan da kanka. In an ce goge, goge, hoto bai kai kwanan sel ba. In an ce za a tafi da kai, nemi a bar ka ka sanar da wani naka inda za a kai ka, in an karɓi kyamara ka nemi a rubuta maka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Duk wannan ya shafi Kano ma. Gidan Gwamnati, barikin Bukavu, hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da kewayen filin jirgin Malam Aminu Kano ba wuraren gwada sabuwar waya ba ne, alhali a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe kyamarori ba sa ƙirguwa.

Roƙona ga Ministan Abuja da Gwamnatin Jihar Kano shi ne a kafa alluna da Hausa da Turanci, da hoton kyamara da aka ja wa jan layi saboda wanda bai iya karatu ba, a duk inda aka hana. A kuma ware wuri ɗaya ko biyu da ake hango Majalisa da dutsen Aso, a rubuta cewa nan an yarda, a sanar da jami'an da ke gadin wurin a rubuce.

Naka,
Wani mai sana'ar ɗaukar hoto,
Fagge, Kano.