A Daina Lalata Sunayen Jama'a a Rumbun Bayanai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasanmu masu rubuta wa makarantu, asibitocin karkara da ƙungiyoyin manoma manhajojin ajiye bayanai, da kuma shugabannin da ke ba su wannan aiki.

Rumbun bayanai na MySQL, wanda da yawa daga cikin manhajojin nan suka dogara da shi, ya daɗe yana zuwa da tsarin haruffa na latin1 idan ba a zaɓi wani ba, sai a siga ta 8.0 da ta fito a 2018 aka mayar da shi utf8mb4, tsarin da ke ɗauke da dukkan haruffanmu. Shi latin1 domin harsunan Yammacin Turai aka tsara shi, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa. Wannan ne ya sa da aka buga takardar rabon taki a ƙungiyar manoman garinmu, sai ga Ɗanladi ya koma "?anladi", kuma da zarar alamar tambaya ta zauna a madadin harafi a cikin rumbu, sai an koma littafin rajista an sake shigar da sunan da hannu.

Abin takaici shi ne, wanda ya haɗa wa ƙungiyar manhajar ya fara ne da utf8mb4, sai rumbun ya ƙi karɓa, ya nuna masa kuskure mai lamba 1071. Dalilin kuwa lissafi ne. A tsohon tsarin InnoDB, wato injin da MySQL ke ajiye bayanai da shi, fihirisar da ke sauƙaƙa neman suna ba ta wuce bayit 767 (bayit ma'aunin girman bayani ne a kwamfuta), alhali utf8mb4 yana tanadar wa kowane harafi bayit 4, don haka gurbi mai haruffa 255 zai nemi bayit 1020. Maimakon ya rage tsawon fihirisar, sai ya koma latin1 domin aiki ya tafi, ya jefar da haruffanmu.

Gyaran bai kai haka wahala ba. Idan aka taƙaita fihirisa zuwa haruffa 191, lissafin zai tsaya a 764, kuma hanyar da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ya bi ke nan a 2015. Wane ne a ƙasar nan yake da suna mai haruffa 191? Haka kuma tsarin jere na DYNAMIC, wata hanyar jera bayanai a InnoDB, yana ɗaga iyakar zuwa bayit 3072.

Wani zai ce tsohon utf8 mai bayit 3 ya wadatar, tunda haruffanmu masu lanƙwasa bayit 2 kawai suke ci. Gaskiya ne, amma rubutun Adlam na Fulfulde da 'yan hotunan fuska da ake turawa a saƙon waya bayit 4 suke buƙata.

Ina ba shugabannin makarantu da ƙungiyoyi shawara, kafin su biya kuɗin manhaja, su sa a shigar da sunan Ɗahiru ko Baƙo a gabansu, a nemo shi, sannan a buga shi a takarda su gani da idonsu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.