Darasin Zane Ya Hana Lamirina Sakat

Zuwa ga Baba Fasto, mai kula da filin ba da shawara,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni saurayi ne mai shekara 22, ina aji biyu a sashen koyon zane da sassaƙa, kuma ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani darasi na dole da muka fara a wannan zango, inda ake kawo mutum ya tuɓe ya zauna a gabanmu, mu kuwa mu zana shi yadda Allah ya halicce shi.

Ranar farko wani dattijo aka kawo. Da ya ajiye mayafinsa, hannuna ya kama rawa har gawayin da nake riƙe da shi ya karye. Amma da na miƙa fensir ina auna faɗin kafaɗarsa da babban yatsa, sai hankalina ya bar tsiraicin, ya koma kan inuwar haƙarƙarinsa da tabon tiyata da ke ƙasan cibiyarsa, na kuma fita daga ajin ina jinjina wa Mahaliccin da ya tsara jikin ɗan Adam haka. Mako na gaba budurwa ce ta zauna, kuma ba zan ɓoye maka ba, Baba, idona bai tsaya inda fensir ya tsaya ba. Na roƙi gafara, amma tun ranar kashedin Yesu a Matiyu 5:28 game da duban mace da sha'awa bai bar kunnena ba.

Na koma Littafi Mai Tsarki, sai na tarar Farawa 2:25 ta ce Adamu da matarsa tsirara suke ba su ji kunya ba, amma a sura ta 3, bayan sun yi zunubi, Allah da kansa ya yi musu tufafin fata ya suturta su. Malaminmu, wanda shi ma Kirista ne, yana kafa hujja da Mikelanjelo, wanda ya zana Adamu tsirara a rufin ɗakin sujada na Sistin da ke Batikan tsakanin 1508 da 1512, wurin da har yau ake taruwa a zaɓi Paparoma. Sai dai bai gaya mana cewa zanen Ranar Shari'a da Mikelanjelo ya kammala a wannan ɗakin a 1541 ya tayar da ƙura ba, har aka sa wani mai zane ya zana ƙyallaye ya rufe al'aurar mutanen cikinsa a 1565. Daga baya kuma, a 1994, Paparoma John Paul na Biyu ya yaba wa ɗakin a matsayin wurin da ke shaida darajar jikin mutum. Idan shugabannin ikilisiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawowa a kan wannan, ina ga ni ɗan jiya?

Abin da ya ƙara karya mini gwiwa shi ne, mahaifiyata ta ci karo da zanen dattijon a jakata. Ba ta ce uffan ba, ta dai kife takardar a kan tebur ta fita, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Nan na tuna gargaɗin Bulus a Romawa 14 cewa kada mu zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa, na kuma tuna yaran da nake koyarwa.

Baba, a ganina jikin ba ƙazanta ba ne, zuciyata ce ban amince da ita ba. Shin in ci gaba da shiga darasin ina yaƙi da idona, ko in nemi a ba ni izinin zana mai sutura, ko da makina zai ragu? Kuma zanen da na riga na yi, in ajiye shi ko in ƙona? Jarrabawar wannan darasi saura mako uku.

Ɗanka cikin Almasihu,
Wani ɗalibin zane