Rahoton ayyukan shekarar 2024 ga 'yan ƙungiyar direbobi da masu motocin haya na Damagaram

Assalamu alaikum, dattawanmu, iyayen gida da 'yan'uwa direbobi.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne layin kudu, wato hanyar Kano. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyaka ta kasance a rufe, sai a watan Maris 2024 aka buɗe ta, Najeriya ta fara, Nijar ta biyo baya. Wannan ne karo na biyu cikin shekara biyar, don an rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Duk sa'ad da aka rufe, motocin Kano sukan tsaya a Matamaye ko Magarya, fasinja ya ƙarasa da kabu-kabu ta barauniyar hanya, Hiace mai kujera 19 ta dawo rabinta wayam. Da aka buɗe iyakar Ɗan Barto, mun sake tsara bin layi: wanda ya fara rubuta suna shi zai fara lodi. Kwamiti bai yarda da tsallake layi ba, ko motar ta shugaba ce.

Mun kuma zauna da tsofaffin direbobi mun rubuta yadda hanyoyinmu suka sauya. Layin Yamai, kusan kilomita 900 ta Maraɗi, ya daɗe da komawa hannun manyan kamfanoni irin su Rimbo da STM, masu tashar kansu da tashin asuba. Mu gajeren zango ya rage mana: Mirya, Takieta, Gure, Tanut. Hanyar Tanut ta ƙara cika tun da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011, saboda ma'aikata da tankoki. A cikin gari kuwa, daga Kasuwar Dole zuwa Birni, Zango, Garin Malam da Kara-Kara, adaidaita da kabu-kabu sun cinye kasuwar, domin suna shiga lungun da mota ba ta iya juyawa. Ɗaliban jami'a ma su suke hawa.

Damina ta ba mu wuya. Ruwan da ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba shi ya fafe gefen kwalta a wurare da dama. Abin da muka fi gani a gareji: ganyen sifirin da ya karye don an ɗora buhuna a kan rufi fiye da kima, da injin da ya sha ruwa. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kar a sake murza makulli. A cire fulogi ko injekta, a fitar da ruwan, a duba mai. In ya koma fari kamar nono, a zubar. Da hunturu kuma a riƙa kakkaɓe matatar iska kowace safiya, ƙurar hanyar Tanut ba ta jira mako.

A watan Yuli gwamnati ta rage kuɗin mai, litar fetur ta sauko daga sefa 550 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Fasinjoji sun nemi ragi, kuma suna da hujja, amma taya da kayan gyara ba su sauko ba. Maganar na nan a gaban babban taro, kowa ya zo da katinsa da rasidin kuɗin wata.