Godiya ga Ofishin da Ya Tallata Mini Kayan Dukanci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai ofishin tallata kaya da ke kan Titin Ahmadu Bello a nan Sakkwato, da matasan da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda yabon gwani ya zama dole, kuma ina so 'yan'uwana masu ƙananan sana'o'i su ji yadda mai talla na ƙwarai yake aiki. Ni baduku ne, ina ɗinka takalma da jakunkuna da tintim, sana'ar da na gada. Masu cewa sun iya talla sun yi yawa a garin nan. Da yawansu alkawarinsu ɗaya ne, za su tara maka mabiya a Facebook. To amma mabiyan da ba su sayen ko silifa, me za su ƙara wa mai shago?

Ku da kuka zo, ba ku fara da maganar kuɗin aikinku ba. Kun zauna a kan tabarma kuna kallon yadda nake yankan fata, kuna tambaya: nawa takalmi ke ci kafin ya kammala, nawa nake iya fitarwa a mako, su wa suka fi saye, mata ko maza. Da na nuna sha'awar a buɗe talla sosai gab da Babbar Sallah, Malam ya hana, ya ce kada a jawo mini odar da hannuna ba zai iya cikawa ba, sunana ya ɓaci. Wannan shawarar ta rage muku samu, kuka ba ni ita duk da haka. Nan na san na haɗu da mutanen kirki.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne batun fatar. Wani ya taɓa ba ni shawarar in riƙa cewa daga Italiya ake kawo ta. Ku kuka ce a faɗi gaskiya: fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Yaronku ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin ƙofa da hantsi, ya ɗauki hoton takalmin kusa-kusa, har ana ganin sawun basilla da yadda zaren ya zauna. Hoton nan shi ne ya fara kawo mini kira daga Kano da Abuja, yanzu kuma ta tasha nake aika musu da kaya.

Wajen amana ma ban ga abin ƙorafi ba. An buɗe shafin Facebook da sunan shagona da lambar wayata, lambar sirrin tana hannuna. Ladan aikinku daban, kuɗin da ake biyan Facebook daban, kowanne a rubuce, kuna nuna mini shaidar biya. Kun kuma nuna mini takardar rajistarku da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuka bayyana mini cewa hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022, ita ke kula da harkar talla a Najeriya. Sai kuka sa na ajiye ɗan littafi, duk wanda ya saya in tambaye shi inda ya ji labarina, da shi muke gane tallar da ke kawo ciniki.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci ofishinku, Ya jiƙan magabatanku.

Naku,
Baduku daga cikin garin Sakkwato