Zama jiha ba ya tayar da sansanin soja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da yankunan da Amurka ke mulka amma ba su zama jihohi ba, irin su Porto Riko da Guwam. Wasu na ɗauka cewa da zarar yanki ya zama jiha, mutanensa za su sami ikon sallamar sojojin da ke jibge a ƙasarsu, ni kuwa a ganina tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

Harkar tsaro a Amurka a hannun gwamnatin tarayya take, kuma babu gwamnan da ke da hurumin rufe sansani. Hawai ta zama jiha a watan Agusta na 1959, amma jiragen yaƙi suka ci gaba da ruwan bama-bamai na atisaye a kan tsibirinta na Kaho'olawe har zuwa 1990, wato shekara 31 bayan samun wannan matsayi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a 1964 jihar ce da kanta ta bai wa rundunar soja hayar dubban kadada na tsawon shekara 65 a kan dala ɗaya tak. Alaska ma sai da aka sanya wa dokar shigarta tarayya sharaɗin da ya bai wa shugaban ƙasa damar keɓe filaye a arewaci da yammacinta saboda tsaro.

A gefe guda kuma, mutanen tsibirin Vieques na Porto Riko, waɗanda ba su da sanata ko ɗaya, sun tilasta wa sojojin ruwa tattara nasu-ya-nasu a 2003 ta hanyar zanga-zanga, bayan wani bam na atisayen sojojin ya kashe maigadi farar hula a 1999. Shekara guda bayan haka aka rufe babban sansanin sojojin ruwa na Roosevelt Roads da ke Porto Riko, ayyukan yi da yawa suka bi ruwa.

Abin da zama jiha ke kawowa shi ne sanatoci biyu da ƙuri'a a majalisar da ke raba kuɗin tsaro, kuma sau da yawa wannan ƙuri'a ƙara wa sansanoni gindin zama take yi. Sanata Daniel Inouye na Hawai da Sanata Ted Stevens na Alaska sun shafe shekaru suna janyo kuɗin soja zuwa jihohinsu, domin masu zaɓensu da yawa a sansanonin suke cin abinci. Ban ce muryar jiha ba ta da amfani ba, domin da man jirage ya gurɓata ruwan sha daga rumbun man sojojin ruwa na Red Hill da ke Hawai a 2021, matsin lambar gwamnatin Hawai da wakilanta ya taimaka aka ba da umarnin rufe wurin a 2022. Hayar filayen nan ta dala ɗaya kuwa za ta ƙare a 2029, kuma jihar na da bakin magana kan sabunta ta.

Na gode.

Mai karatunku a kullum.