Kubbar Aya Sofiya ta faɗi, ba sau ɗaya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ban ji daɗin abin da baƙonku ya faɗa a shirin daren Lahadi ba, wai kubbar Aya Sofiya, tsohon ginin nan na birnin Istanbul a Turkiyya, tana nan yadda aka ɗora ta shekara 1500, wai Turkawa hasumiya kawai suka kafa suka mai da coci masallaci. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta tauye haƙƙin maginan da suka riƙe ginin nan.

Sarkin Rumawa Jastiniyan ya sa an fara aikin a 532, aka gama a 537. Saurin nan shi ne mafarin matsala. Kwaɓin farar ƙasa da garin jan bulo suka yi amfani da shi, aka zuba shi da kauri har ya fi bulon kansa a wurare da dama. Irin wannan kwaɓi yana daɗewa bai ƙame ba, su kuwa suka ci gaba da ɗora nauyi a kai, manyan ginshiƙai huɗun da ke ɗauke da kubbar suka soma karkata waje. Ga kubbar farko shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tudu sosai. Duk maginin da ya taɓa ɗaura bakan gizo ya san baka in ya kwanta, gefe yake tura bango, ba ƙasa ba. Girgizar ƙasa ta 557 ta tsattsage ta, ta rufto a 558. Da aka sake ta a 562 sai aka ƙara mata tsayi wajen mita 6 don nauyin ya sauka ƙasa. Ita ce mai faɗin kusan mita 31 da tagogi 40 a gindinta. Ita ma ɓangarenta na yamma ya zube a 989, na gabas a 1346.

To ina shekara 1500 ba motsi?

Bayan Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453, gyara bai tsaya ba. A ƙarni na 16 babban magini Sinan ya ƙara manyan tokare daga waje don su danne turin kubbar. Tsakanin 1847 da 1849 Sarki Abdulmajid ya ɗauko 'yan'uwa biyu, su Fossati, suka ɗaure gindin kubbar da ƙarfe, suka miƙar da ginshiƙan bene da suka karkace. A lokacin ne aka rataye allunan nan takwas masu sunan Allah, da Annabi (SAW), da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini, kowane faɗinsa mita 7 da rabi.

Ko mihirabin ma baƙon naku bai ambata ba, alhali nan ne ake gane ginin ba don salla aka tsara shi ba. Ba a tsakiyar lungun gabas yake ba, an gusar da shi dama domin ya fuskanci alƙibla, shi ya sa sahu yake ɗan karkacewa da jerin ginshiƙai. Hotunan bango na zamanin coci kuma shafe su aka yi da filasta, ba a farfasa ba, shi ya sa aka tone su lafiya daga 1931.

Don Allah ku nemo masanin gini ya gyara wannan a shiri na gaba. Kuma ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin murya, ya danne rabin shekarun da baƙon ya ambata.

Naku mai sauraro,
daga Zariya